Ɗan Iya Mai Farar Riga da Tambayar Dawwama a Wuta

Wannan labarin wani bawan Allah ne haifaffen Agege da ke Legas, direban babbar mota, mai ɗauko tumatir da albasa daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12. Shi ya ce a rubuta, da sharaɗin kada a kama sunansa ko na gidansu. Nawa a ciki shaida ce kawai: a zaurenmu ya yi karatu yana yaro, nan kuma ya dawo da tambayarsa bayan ya zama magidanci.

Mahaifinsa ɗan gidan fataken goro ne, cikin zuriyar Hausawan da suka cika Agege bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Mahaifiyarsa kuwa Bayarabiya ce 'yar Abekuta, Kirista, 'yar cocin nan na masu fararen kaya. Irin wannan aure ba baƙon abu ba ne a nan, kuma aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta shi. Uban ya rasu yaron bai kai shekara goma ba. Kowa ya ɗauka za ta kwashe shi zuwa coci, amma ba ta yi ba. Ta ce amana ce ubansa ya bar mata. Da cinikin abinci a bakin tasha ta riƙa biyan kuɗin Laraba. In azumi ya zo ita ke fara tashi, ta ɗumama miya, ta tuƙa amala, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, sannan ta zauna a gefe tana gyangyaɗi har ya gama sahur, alhali ita ba azumin za ta yi ba. Ranar saukarsa ta fitar da anko, ta dafa shinkafar da ta ishi layinsu duka. Iya yake ce mata, haka mu ma muke kiran ta.

Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jiki ya shanye, ta cika a asibiti tana da shekara 68. Danginta suka kai gawar ɗakin ajiya kamar yadda suka saba, ana jiran 'yan uwa su taru. A kwanakin nan na jira ne aka faɗa masa magana biyu. Ta farko a ƙofar gida, cikin masu ta'aziyya. Wani dattijo ya ce Allah ya jiƙanta, sai wani matashi ya ɗaga murya ya ce kada wanda ya sake faɗin haka, ita dai wuta ce makomarta har abada. Ta biyun kuma daga bakin kawunsa, ƙanen marigayiyar, wanda ya ja shi gefe ya ce masa yayarsa ta daɗe tana kuka a ɓoye, don an gaya mata ɗanta ne zai hallaka muddin bai karɓi ceto ba. Cikin mako guda an jefa uwa a wuta a gaban ɗanta, an kuma gaya masa ita ma da wannan tsoron a kansa ta mutu.

Bai yi rigima da kowa ba. Salla kawai ya ajiye. Yaran motarsa suka ce in an tsaya a Jebba ko Mokwa su suna alwala, shi sai ya kishingiɗa a gaban mota ya rufe fuska da hula. An daɗe ana haka kafin ya zo zaure, bayan lisha, da ɗalibai sun watse.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ce babu Allah ba. Shekara 68 Iya ta yi a duniya. A ce ma duk saɓo ne, ai 68 ne. Da wane hakki za a ƙona ta ba iyaka? Ita ta roƙa a halicce ta?"

Duk wanda ya zauna da jama'a a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san wannan tambaya ba tasa ba ce shi kaɗai. A Kano mutum kan iya tsufa bai taɓa cin tuwon wanda ba Musulmi ba. A Legas kuwa uwarka ce, ko surukarka, ko maƙwabcin da ya ɗauki matarka zuwa asibiti da tsakar dare. Inda ake ɓata lamarin shi ne a daka wa mai tambaya tsawa, a ce ya yi ta'awizi ya tuba. To ai sahabbai sun zo wa Annabi (SAW) suna cewa suna jin abu a ransu da ba za su iya furtawa ba, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Annabi Ibrahim ma ya nemi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu (Baƙara, 260). Wata ɓarnar kuma ita ce a lallashe shi da abin da ba a da tabbas a kai, a ce masa ai tana Aljanna. Wanda ya sauke Alƙur'ani ba ya jimawa zai gane an yi masa daɗin baki, daga nan kuwa ba zai ƙara yarda da malami ba.

Abin da muka fara yi shi ne warware maganar, don tambaya uku ce ta cakuɗe a bakinsa: shin Allah yana da hakkin yin azaba, shin azabar ba ta ƙarewa, shin kuma Iya tana cikin waɗanda za a yi wa. Da ta farko ya zo, amma ta ukun ce ke hana shi barci.

A kan hakki, tauhidin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa na Ash'ariyya ne, mabiya Abul Hasan al-Ash'ari wanda ya rasu a shekara ta 324 bayan Hijira. Su a wurinsu zalunci shi ne mutum ya taɓa abin da ba nasa ba. Tunda kuwa babu abin da ba na Allah ba, ba a ma iya suranta zalunci daga gare Shi. Hujjarsu aya ta 23 ta Suratul Anbiya: ba a tambayar Sa abin da Yake aikatawa, su ne ake tambaya. Mu'utazilawa, wata makarantar aƙida mai ba hankali muhimmanci, suka ce a'a, hankali ya san adalci ya san zalunci tun kafin wahayi ya sauko, kuma wajibi ne aikin Allah ya dace da adalcin. Mutum zai zaci waɗannan za su fi sassauci, sai ga shi su ne suka ce Musulmin da ya mutu da babban zunubi bai tuba ba zai dawwama a wuta, kamar yadda Khawarijawa suka ce, don a ganinsu Allah ba ya janye narkon da Ya yi. Akwai kuma magana ta uku, wadda Ibn Taimiyya ya ƙarfafa: zalunci shi ne a ajiye abu ba a muhallinsa ba, kamar a ɗora wa mutum laifin wani ko a tauye masa ladansa. Allah yana da ikon yin haka, amma Ya hana kanSa.

Ni a ganina amsar farko gaskiya ce ta fuskar mulki, sai dai ba ita ake fara miƙa wa maraya ba. In ka ce masa nasa ne, Ya yi yadda Ya so, abin da zai ji shi ne ƙarfi kawai. Inda ya kamata a tsaya da shi shi ne hadisin ƙudusi na Abu Zarr, na 24 a Arba'una, wanda yara ke haddacewa a Islamiyya: "Ya bayiNa, Na haramta wa kaiNa zalunci, Na kuma sanya shi haramun a tsakaninku." Mai mulkin ne da kanSa Ya yi wa kanSa iyaka. Nisa'i aya ta 40 ta ce ba Ya zaluntar ko gwargwadon ƙwayar zarra. Wannan shi ne asalin hakkin: wanda Ya halitta, Ya san abin da ke ɓoye a kowace zuciya, Ya kuma ɗaure kanSa da adalci. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan ba shi da ikon yanke wa kowa makoma. Ko a addinin gargajiyar Yarabawa, da yawan abin bautarsu, hisabin ƙarshe ga Olodumare, wato Ubangiji Maɗaukaki a wurinsu, suke jingina shi.

Sai maganar ƙwarya ta bi ƙwarya, wato yaya laifi mai iyaka zai jawo horo marar iyaka. Masu wa'azi kan ce ai kisan kai minti ɗaya ne, amma mai yin sa yakan ƙare rayuwarsa a gidan yarin Kirikiri, don haka ba da tsawon lokacin laifi ake auna horo ba, da girmansa ne. Direban nan bai bari an rufe baki ba ya ce, "Malam, na Kirikiri ai mutuwa na sallamar sa." Gaskiyarsa kuwa. Misalin yana nuna agogo ba shi ne ma'auni ba, amma bai kai ga dawwama ba. Amsar da ta fi nauyi tana Suratul An'am, aya ta 28: da za a mayar da su duniya, da sun koma ga abin da aka hana su. Ma'ana, dawwama ba sakamakon shekarun da aka ƙirga ba ne, sakamakon halin da ya kafu ne, na wanda ya ga gaskiya ƙuru-ƙuru ya ƙi ta, wanda kuma ko shekara dubu aka ƙara masa ƙin zai ci gaba da yi. In aka fahimci ayar a haka, tambaya ta koma: wane ne mai irin wannan hali? Wannan kuwa ba a gane shi da kalar rigar da mutum ke sawa ranar Lahadi. A kuma tuna azabar ba bai ɗaya ba ce. Munafukai suna can ƙarƙashin ƙasa (Nisa'i, 145), Abu Ɗalib kuwa an sassauta masa saboda tsayuwar da ya yi wa Annabi (SAW).

Kan ko wuta tana ƙarewa, ba mu ɓoye masa komai ba. Jumhurun malaman Sunna, wato mafi rinjayensu, sun tafi a kan ba ta ƙarewa. A wuri uku Alƙur'ani ya haɗa dawwamar 'yan wuta da "har abada": Nisa'i 169, Ahzab 65, Jinn 23. Ga kuma hadisin Bukhari da Muslim na ragon nan mai roɗin fari da baƙi, wato mutuwa, da za a yanka tsakanin Aljanna da wuta, a ce wa kowane ɓangare dawwama ce, babu sauran mutuwa. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386 Hijiriyya, wadda shi kansa ya biya a zauren nan, ta kira wuta gidan dawwama ga wanda ya kafirce. Amma akwai ayoyin da suka sa wasu manya suka dakata. A Suratu Hud, aya ta 107 ta ce 'yan wuta suna dawwama a cikinta "sai abin da Ubangijinka Ya so", ta rufe da cewa Ubangijinka mai aikata abin da Yake nufi ne. Aya ta 108 ta yi wa 'yan Aljanna irin wannan togaciya, sai dai ita ta rufe da cewa kyauta ce marar yankewa. An'am 128 ma ta zo da togaciyar, Naba'i 23 kuma ta auna zaman da zamunna masu tsawo. A kan waɗannan ne Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 (1350), ya shimfiɗa hujjojin masu cewa wuta za ta ƙare wata rana, Aljanna ta saura, ana kuma jingina ra'ayin ga malaminsa Ibn Taimiyya (ya rasu a 728, wato 1328). Taƙiyyuddin as-Subki, wanda ya yi zamani da su, ya rubuta raddi a kai. Jumhur sun fassara togaciyar da masu tauhidin da za a fitar. Kada a haɗa wannan saɓani da maganar Jahm bin Safwan, wanda ya ce Aljanna da wuta duka za su ƙare, don ita Ahlus Sunna sun yi watsi da ita baki ɗaya. Ni ina tare da jumhur, na kuma gaya masa haka. Amma ɓoye wa mutum cewa malamai irin waɗannan sun tsaya a kan tambayarsa sun yi dogon nazari, cutarwa ce.

Fitar da masu imani kuwa babu saɓani a kai tsakanin Ahlus Sunna, kuma hadisan ceto sun zo da ma'auni dalla-dalla. A ruwayar Abu Sa'id za a ce a fitar da mai alheri gwargwadon dinari a zuciyarsa, sai mai rabin dinari, sai mai ƙwayar zarra. A ta Anas an ambaci ƙwayar sha'ir, da ta alkama, da zarra. Bayan mala'iku da annabawa da muminai sun gama cetonsu, Mafi jinƙan masu jinƙai zai damƙo wasu mutane daga wuta waɗanda ba su taɓa aikata wani alheri ba. Rahama kashi 100 ce, 1 aka saukar duniya, da ita uwa ke tausayin ɗanta, 99 na ajiye sai ranar. Da muka zo nan sai ya sunkuyar da kai ya ce, wato tashin sahur ɗin Iya daga cikin kashi ɗayan ne.

Tambaya ta uku ita ta fi ɗaukar lokaci. Akwai hadisi a Muslim da ba za a tsallake ba: duk wanda ya ji labarin Annabi (SAW), Bayahude ko Banasare, ya mutu bai yi imani da saƙonsa ba, ɗan wuta ne. Wannan hukuncin jimla ne, kuma mun yarda da shi. Amma sauke shi a kan wance 'yar wane wani aiki ne daban, mai sharuɗɗa. Isra'i 15 ta ce ba a azaba sai an aiko manzo. Imam Ahmad ya ruwaito hadisin mutum huɗu da za su kawo hanzari ranar ƙiyama a jarraba su a can: kurma, da mai taɓin hankali, da tsohon da ya ruɗe, da wanda ya mutu babu manzon da ya iso masa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 (1111), ya kasa waɗanda ba Musulmi ba gida uku: waɗanda sunan Annabi bai taɓa isa kunnensu ba, da waɗanda suka san siffarsa da hujjojinsa suka ƙi, da waɗanda sunan ya iso musu amma a gurɓace, tun suna yara ana gaya musu maƙaryaci ne. Ya yi wa na farko da na uku uzuri. Ba duk malamai ne suka bi shi a kan na ukun ba, kuma mai iya cewa matar da ta yi shekaru tana jin kiran salla a Agege ai saƙo ya iso mata. To amma me ya iso mata, ta bakin wa, da wane hali, me kuma ta fahimta? Me ta ce a ranta a kwanakin da harshenta ya ɗaure? Babu mai wannan labari a cikinmu. Shi ya sa malamai da yawa suka hana a yanke wa wani mutum takamaimai wuta, sai wanda nassi ya ambata da suna kamar Fir'auna da Abu Lahab. Muslim ya ruwaito labarin wanda ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah Ya ce wa ke rantsuwa a kaiNa, Na gafarta masa, Na rushe aikinka. Matashin nan na ƙofar gida yana da gaskiya cewa akwai hani a kan nema mata gafara, amma abin da ya ɗora a kai, na yanke makoma, ba hurumin ɗan Adam ba ne. Faɗarsa a gaban ɗan mamaciya, gawa ko rufewa ba a yi ba, rashin tarbiyya ne. Annabi (SAW) miƙewa ya yi da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne?

Hukuncin duniya kuwa a kan zahiri yake tafiya, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa, wasu su ƙaurace wa komai, wasu su shiga komai. Ba a yi mata sallar jana'iza, ba a kuma nema mata gafara da lafazi, saboda aya ta 113 ta Suratut Tauba. Abin da ɗa zai iya cewa shi ne ya miƙa lamarinta ga Allah, kamar yadda Annabi Isa zai ce game da mutanensa a Ma'ida 118. A Risala, Musulmi ba ya wanke mahaifinsa da ba Musulmi ba, ba ya sa shi a kabari, sai in ya ji tsoron gawar za ta tozarta, to sai ya rufe shi. Shafi'awa sun ce babu laifi ya raka gawar ɗan'uwansa, kuma Annabi (SAW) ya umarci Sayyidina Ali ya je ya rufe Abu Ɗalib. Kuɗin asibiti, da na ɗakin ajiyar gawa, da na haƙa kabari, babu abin da ya hana shi biya. Ibadar coci ce ba zai sa baki a ciki ba. Bashinta ya biya. Danginta ya riƙe su, don da mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar ta zo mata Madina tana mushrika, cewa aka yi ta sadar da zumuncinta. Gado ba ya gudana tsakanin addini biyu, amma in ta ba shi kyauta tana raye, ko ta yi masa wasiyya, ko magada sun ba shi da daɗin rai, halal ne ya karɓa.

Ba a dare ɗaya aka yi wannan duka ba. Yakan zo in ya sauke kaya, wani lokaci da warin albasa a jikinsa, a ɗora daga inda aka tsaya. Ya koma salla ba tare da ya sanar da kowa ba, yaron motarsa ne ya kawo labarin ya ga maigida yana alwala a Mokwa. Ban ce ya gamsu da komai ba. Har yanzu zuciyarsa ta fi karkata ga maganar Ibn Ƙayyim, in na tuna masa cewa jumhur ba su tafi a kai ba sai ya ce, "Na ji, Malam." Da kawun nasa suna gaisawa, shi ya biya masa kuɗin aikin ido. Bashin adashen da Iya ta bari a wurin matan kasuwa ya gama biya kafin azumin bara. Saura maganar ɗakuna biyun da ta gina a bayan gida, waɗanda dangin uwa suka ce nasa ne ya ɗauka, shi kuma ya ce sai an zauna kowa ya furta da bakinsa cewa kyauta ce.